Miyar Ranar Ganawa

Bok-hi na shiga kicin ta ji ƙamshin, ranta ya ɓaci. Miyar ciyawar teku ce ke tafasa, da man riɗi da tafarnuwa, kuma yau ce ranar da bai kamata a ɗora ta a gidan nan ba.

Shekara goma sha biyu ke nan tana riƙe da wannan masauki a birnin Daegu, kuma duk baƙon da ya sauka sai ta miƙa masa takardar shawarwarinta. A cire takalmi a bakin ƙofa. A karɓi abu da hannu biyu. Kada a kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, wannan na matattu ne. Can ƙasa kuma ta rubuta cewa miyar ciyawar teku ta mai jego ce da wanda ranar haihuwarsa ta zagayo, amma ba a shan ta ranar jarrabawa ko wata babbar ganawa. Santsi gare ta, abin da mutum ke nema sai ya suɓuce masa.

To ga Runa da ganawa ƙarfe goma sha ɗaya.

Daga Norway Runa ta zo. Shekararta arba'in da ɗaya, fuskar mutanen nan ce da ita, amma ko gaisuwa ba ta iya ba, don tana jaririya aka fita da ita. Ofishin da ya ba da ita riƙo shi ya turo ta masaukin, kamar yadda yake turo duk masu neman iyayensu. An gano uwar, an rubuta mata sau uku, sai a na ukun ta ce za ta duba. Jirgin Runa gobe da safe ne. In ba a haɗu yau ba, shi ke nan.

Takardar shawarwarin nan kuwa Runa ta haddace ta tsaf. Kwana shida tana koyon rusunawa a gaban madubi, har jiya ta tambayi Bok-hi ko uwar za ta ƙi ta idan ta yi kuskure. Tun daga lokacin Bok-hi ta kasa zama wuri ɗaya, ta goge tebur ɗaya ya fi sau huɗu.

Mai girkin sabuwa ce. Inna Mal-sun ta zo neman aiki kwana biyu kafin saukar Runa, ta ce ta daɗe tana girki a kasuwa, Bok-hi kuma da ma a matse take, ba ta tsaya bincike ba. Tsohuwa ce marar magana. Ba ta leƙa ɗakin cin abinci, iyakarta kicin, sai kuwa bakin ƙofa inda take jera takalman baƙi.

"Inna, yau ranar haihuwar wa?" in ji Bok-hi. "Kin san inda matar nan za ta kuwa?"

"Ta riga ta dahu."

"Na ga fasfonta, 'yar Nuwamba ce. Yau tara ga Afrilu. So kike ki ja mata?"

Tsohuwar ta ci gaba da juya tukunya da hannun hagu, kamar da bango ake magana.

Kafin Bok-hi ta sauke tukunyar, sai ga Runa ta sauko cikin rigar da ta saya don yau. Abin mamaki, Inna Mal-sun da kanta ta fito da kwanon. Runa ta miƙe ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna, ta ɗauki cokali da hagu, ta tuna, ta mayar dama, ya gagare ta, ta sake komawa hagun. Da alama fargaba ta mantar da ita layin ƙarshe na takardar, Bok-hi kuma ta kasa tuna mata. Ta shanye tas, har ta ɗaga kwanon.

Tsohuwar tana tsaye a bayanta har ta gama. Sannan ta cire rigar girki, ta ninke, ta ce za ta kasuwa. Firji cike yake, amma Bok-hi ba ta da lokacin gardama.

Bok-hi ce ta raka Runa ofishin, don ta yi mata tafinta. Aka sa su a wani ɗan ɗaki mai kujera uku. Sha ɗaya ta yi, ta wuce. Duk takun da aka ji a waje sai Runa ta miƙe ta haɗa hannuwa, sannan ta koma ta zauna. Bok-hi ta je taga, ta dawo, ta sake komawa. Haushi ya cika ta. Ta san zancen santsin miyar magana ce kawai ta mutane, amma ta ƙudura a ranta yau tsohuwar nan za ta bar mata gida.

Sha biyu saura, wata ma'aikaciyar ofishin ta shigo ita kaɗai, idonta a ƙasa.

"Mahaifiyarki ta zo tun ƙarfe goma," ta ce wa Runa. "Ta kasa zama. Ta ce ba ta da fuskar da za ta kalle ki da ita a matsayin uwa. Wannan ta bari."

Runa ba ta yi kuka ba. Ta karɓi 'yar takardar da hannu biyu, ta juya ta, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, ta miƙa wa Bok-hi. Rubutun tsofaffi ne, a karkace, layi biyu kacal. Bok-hi ta karanta a zuci, ta tuna miyar safe da wadda ta dafa ta, sannan ta fassara.

"Ranar da ke cikin takardunki ba daidai ba ce, a rana irin ta yau na haife ki. Na gode da kika shanye duka."