Ko Ledar Bai Cire Ba

Ina aji huɗu a wata firamare a bayan masana'antun Sharaɗa, manajan wani kamfanin fata ya zo dasa mana bishiya. Malam Habu, malamin aikin gona, shi ya raini ɗan kurmin makarantar, kowane ɗalibi da bishiyarsa da gwangwanin ban ruwa. Har mutanen unguwa kan zo karɓar dashe. Sai dai baƙin ruwan jima na kamfanin yana malalowa ta gefe, tsamiyata har ta soma zubar da ganye.

Bayan azahar manaja ya fito daga mota da hankici a hanci. Ya karɓi dashen mangwaro da yatsu biyu, ya jefa a rami, ya tura ƙasa da takalmi. Mai hoto ya ɗauka, muka tafa.

Malam ya russuna. "Ranka ya daɗe, ruwan nan naku yana kashe wa yara itatuwa. Ko za a karkatar da kwatar?"

"Za a duba, Malam," in ji shi, yana goge hannun da bai taɓa ƙasa ba.

Da motar ta tafi, Malam ya durƙusa ya tone ramin. Ya ɗago dashen, saiwar na ƙunshe cikin baƙar ledarta.

"Ke, zo ki gani," ya ce da ni. "Mai duba mana kwata ke nan. Ko ledar bai cire ba."

Har yau in na ga wani babba a talabijin riƙe da shebur, ba fuskarsa nake kallo ba. Gindin dashen nake kallo.