Tashar Katako

Da majigi ya haska bangon farfajiyar, wani ɗan dako ya miƙe tsaye. "Ku yi shiru, ya jama'a, yanzu za ku gan ni!"

Shekara da shekaru ya ishi mutanen garinsu Ammariyya da labarin Turawan Ingila da suka zo tashar jiragen ruwa ɗaukar fim. Wuni suka yi suna sa shi ya ɗauki buhu ya sauke cikin rana, har kafaɗarsa ta ɗaye. Yau da fim ɗin ya iso, ya kwaso surukai da maƙwabta kaf.

Sai ga tashar a bango, amma tekun ba ya motsi, jirgin kuwa na katako ne.

Mai majigi ya raɗa masa, "A gidan fim ɗinsu na London suka gina ta, ya ammi, baffana. Hotonka suka kalla suka kwaikwaya."

Can wani Bature da aka shafe da baƙi ya ratso cikin fim ɗin ɗauke da buhu, yana ɗingishi. Farfajiyar ta kaure da tafi.

"Wallahi kai ne, har tafiyar!" in ji surukinsa, ya rungume shi.

"Halas, ya isa haka, ku sake ni! Ba ni ba ne!"

Babu wanda ya yarda.