Shayin da Seon-ju Ta Ɓarar

Ranar da Gi-tae na maƙwabtanmu ya kai budurwarsa Seon-ju gaida mahaifiyarsa, sai da yarinyar nan ta yi wa tsohuwa wanka da shayin sha'ir. Da hannu biyu ta riƙe butar, yadda ake zuba wa manya, amma hannun ya hau rawa kamar mazari. Tsohuwa ta tashi canja kaya.

"Ki ce mata sanyi kike ji," Gi-tae ya raɗa mata. Gwanin cika baki ne a unguwa, amma a gaban uwarsa lagwani ne.

"A wannan zafin, Yaya? Ka san maganina ke sa hannun rawa."

Ya sani sarai. Ya san ciwon da ke ɗaga ta sama har ta yi kwanaki ba barci, sannan ya nana ta da ƙasa ta kasa ko wanke fuska.

Takun tsohuwa ya doso falon.

"Ki rufa mini asiri, ki ɓoye ciwon nan," ya ce, ya kasa haɗa ido da ita. "In ta ji, babu aure."

Seon-ju ta dube shi.

"Ina ƙarama, in na ɓarar da abu, a ɗakin ajiya mai duhu babana ke kulle ni. Likita ya ce tsoron nan na da hannu a ciwona. Babana dai gari na wayewa yake buɗe ni. Kai fa, Yaya, sai yaushe za ka buɗe ni?"