Fishiye na Biyar

Haruna ya kunna kwamfutar ya zauna yana kallonta kamar bai taɓa ganin irinta ba. Kwana takwas rabonsa da biron nan, ofishinsa na likitar masu ciki ta Madarumfa, wato asibitin haihuwa. Shayin da aka kawo masa har ya yi fata bai taɓa ba.

Tani, sakatariya, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Ba wanda ya ce sai ka hito yau, Malam Haruna," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Amma Majo ya rantse in ba a gano dalili kahin azahar ba, in aje makulli in tahi gida. Wallahi na tura saƙonnin nan."

Majo shi ne shugaban likitar, mutum ne da in abu ya ɓaci yakan fara da neman wanda zai kora. Abin kuwa ya ɓaci. Mata talatin da bakwai da awonsu ya nuna hawan jini aka ce a kira su su dawo, wata biyu ke nan ba ko ɗaya da ta leƙo. Waɗanda aka bi gida sun ce su ba su ga saƙo ba.

Haruna ne ya gina shafin da ke tura saƙonnin, shekara uku da suka wuce. A ciki akwai wani ɗan guntun umarni, fonksiyo, mai duba ko lambar salula, wato wayar hannu, daidai take kafin a yi aiki da ita. Ƙa'ida ita ce a rubuta irinsa sau ɗaya, a ajiye a fishiye guda, wato fayil, sauran shafuka su riƙa kiransa daga can. To amma Haruna na wancan lokaci gaggawa ke cinsa. Kwafa ya yi ya liƙa duk inda ya buƙata, ya ce zai gyara in ya sami sarari. Sarari kuwa bai taɓa zuwa ba.

Fonksiyon lamba takwas kawai ya sani, irin ta Nijar. Bara mutanen bakin iyaka suka yi ƙorafi, don a wajensu layin Najeriya ya fi kamawa, shi kuwa lamba goma sha ɗaya ne. Haruna, da ya auro 'yar garin Ɗan Issa na bakin iyakar, ya fi kowa sanin haka. Ya bi fishiye huɗu ya gyara, rajista ta karɓi lambobin, har Majo ya yaba masa.

Yanzu ya sa kwamfutar ta nemo masa sunan fonksiyon a ko'ina. Ta kawo biyar.

Na biyar yana cikin shafin tura saƙo, yadda ya bar shi tun farko. Duk lambar da ta haura takwas sai ya tsallake ta shiru, allo kuma ya rubuta wa Tani cewa an tura.

Bai ji komai ba, ko faɗuwar gaba. Hannunsa ne kawai ke aiki. Ya buɗe sabon fishiye, ya zuba fonksiyon mai kyau a ciki, ya goge kwafi biyar ɗin, ya sa kowane shafi ya kira guda ɗayan. Aikin da ya yi shekara uku yana ɗagawa bai ci minti ashirin ba.

"Ki hwaɗa ma Majo ba ke ba ce," ya ce. "Ni ne."

Ya koma shafin tura saƙo. Ya danna, saƙonni talatin da bakwai da suka maƙale suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

A na sha tara aljihunsa ya yi ƙara. Ya zaro salular da surukarsa ta miƙa masa cikin kayan matarsa bayan an kai ta maƙabarta an dawo, ya karanta: "Malama Bilki, jininki ya hau, ki zo likita gobe da safe ba tare da jinkiri ba."