Inna Kande Za Ta Kotu

Tun da motoci suka koma tuƙa kansu, duk wadda Inna Kande ta shiga ta ce "kotu", sai ta maido ta gida. Kamfanin motocin ne ya cinye mata gona, kuma yau za a rufe shari'ar.

Shi ya sa take ta kai-kawo a garejin Tanimu, yana ɗora inji mai turbo a tsohuwar motar tseren marigayi mijinta.

"Kai ɗan nan, sai na yi gemu za ka gama?"

"An gama, Inna."

Ya murza makulli, injin ya yi gurnani. Tanimu ya naɗe hannu, ya ce wa motar, "Ki kai mu kotu."

Ko motsi ba ta yi ba.

"Sakarai! Wannan ba ta da kunne. Matsa!"

Ba ta taɓa tuƙi ba, amma ta tsufa tana kallon ƙafafun mijinta. Ta cire silifas, ta taka kuloci, ta sa giya.

Suna hawa titi, motoci marasa direba suka tsaya cak, suka juyo mata fitilunsu.

"Ku kalla da kyau," in ji ta, ta danne totur.