Mutuwar Kapitan Tumbi

A zauren gidansa Sa'idu ya tsinci littafin, kan wani babban kwali, daidai inda direban nan Maman ya saba ajiye masa sababbin fitowa idan ya dawo daga Ɗan Issa. Ko takalmi bai tsaya gyarawa ba, ya cusa shi a aljihu ya nufi fada.

Shekara biyu ke nan fadar masu shayi ta bakin tabkin Madarumfa ba ta da zance sai na mutanen ƙarfen nan da suka sauko daga wata tauraruwa. Littattafan zane ne da ke zuwa cikin kayan gwanjo, rubutunsu na Sin. Sa'idu kaɗai ke karanta su, don ya ce ya koyi harshen wajen wani ɗan Sin mai aikin hanya. Gaskiyar magana, ko gaisuwa bai iya ba. Hoto yake kallo, bakinsa ya ƙarasa sauran. Shi ya raɗa wa jarumin suna Kapitan Tumbi, saboda ƙaton cikinsa da zagayayyen baki. Kuma albarkacin wannan karatu ne mutumin da a da ba a ko matsa masa tabarma ya zama mai kofin farko.

Ranar kuwa, da ya buɗe shafin farko, sai da gabansa ya faɗi. Babu launi ko ɗigo, baƙi da fari kawai. Ga tumbin Kapitan can, ga bakinsa nan, kayan cikinsa a baje, kowane da lamba da kibiya. A shafi na huɗu wani hannun ɗan Adam ya shigo riƙe da sifana.

Sa'idu ya gyara murya ya sanar da jama'a cewa an kashe Kapitan, an yi gunduwa-gunduwa da shi. Rashin launin, in ji shi, alamar makoki ce a ƙasar Sin.

Wai! Lawali mai kifi, ƙato da gemunsa, ya fashe da kuka har da majina. Aka sha shayi ba sukari. Kashegari fada ta rabe biyu. Wasu suka ce cin amana ne, mai zanen ya raina masu karatu, sun daina bi har abada, amma kullum su ke fara zuwa. Wasu suka kafe kan shafin ƙarshe, inda Kapitan ke zaune garau ruwa na ambaliya daga bakinsa, suka ce ai ya farfaɗo. Ɓangaren farko suka ce aman ajali ne. Har saƙon murya aka ɗauka na minti goma sha ɗaya, zagi zalla, za a tura wa mai zanen, sai bayan an gama aka tuna babu mai lambarsa.

Sa'idu bai taɓa jin daɗin duniya irin na makon nan ba. Ko a gida bai sauko ba. Matarsa Ramatu tana ta mitar ciwon baya, da jidar ruwa da bokiti, da salatinta da ke ƙonewa a garka, da wata takarda da ta juye ɗaki tana nema. Ya ce mata ta yi haƙuri, gari na cikin rashi.

Sai ga Abdoul Aziz, ɗan jami'a daga Maradi, ya zo hutu. Ya saurari karatun sau biyu yana murmushin da Sa'idu ya tsana, sannan ya ce wayarsa tana fassara kowane rubutu idan an haska mata shi. Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar.

Tsoro ya kama Sa'idu, tsoro na gaske. Idan wayar nan ta buɗe baki, shekara biyu na ƙarya za su zube a gaban mutanen da suka yi kuka a kan maganarsa. Ya yi tunanin ƙona littafin, ya yi tunanin ƙirƙiro tafiya garin Safo. Duk ya ga tonon asiri ne da kansa.

Ranar Juma'a har waɗanda ba sa shan shayi sun zo. Abdoul Aziz ya shimfiɗa littafin a tabarma, ya ɗora waya a kai. Wani ɗan da'ira ya shiga juyawa. Ya juya, ya juya. Aka ɗaga wayar sama, aka hau benci da ita, aka kai ta gindin bedi. Rezo dai, wato sabis ɗin waya, ya ce bai san zancen ba.

Sa'idu ya ji numfashinsa ya dawo. Ya miƙe, ya karɓe littafinsa, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya ce ilimi a ka yake, ba a aljihu ba. Lawali ya fara tafi, fada ta ɗauka.

Tafin ne ya sa Ramatu waiwayowa. Ta fito daga tabki da bokiti biyu, zanenta jiƙe har gwiwa. Ta tsaya, ta ƙura wa abin da ke hannun mijinta ido, ta ajiye bokitan a hankali. Ta ratsa tsakiyar maza ba ko sallama, ta zare littafin daga yatsunsa, ta duba shafi na huɗu.

"Baban Nusaiba," ta ce, "kwana tara sabon injin ban ruwana na cikin kwali a zaure ba a haɗa ba, ashe takardar haɗa shi ce kuka zauna kuna yi wa zaman makoki?"