Tuwon gayya a gonar maƙwabci

Ka ce kana son bin Yesu, amma ba ka san ta inda ake farawa ba. To, saurari wannan.

A wani ƙauye, al'adar gayya ita ce mai gona ya dafa tuwo, ya dama kunu, sannan a buga ganga jama'a su taru su nome masa. Wanda rumbunsa ya bushe ba ya kiran gayya, don haka gonar mai hatsi ake nomewa, ta mara shi kuwa ciyawa ta ci. Akwai wani manomi, dattijo a ikilisiya, da ya adana dawa tun kaka domin gayyarsa. Maƙwabcinsa na gona ba ya zuwa majami'a, kuma shi ne ya taɓa tuge gambar da ke kan iyaka ya cinye masa kunyoyi, har suka daina gaisawa. Da damina ta kankama, kurkunu ya fito wa maƙwabcin a ƙafa, ya kwantar da shi, ga gidansa ba ko tsaba. Kullum manomin ya bi ta gefen gonar sai ya ga harƙiya ta shaƙe gero, ga 'ya'yan mutumin ƙanana suna cirarta da hannu. Ran Lahadi ya sa sunansa cikin addu'a, jama'a suka ce amin, ciyawa ta ci gaba da tsawo. Ya sake hanya don kada ya gani, bai tsira ba. In ya zauna sai ya tashi. Ya san abin da Ubangijinsa ya faɗa game da maƙiyi, ya kuma san dawar ba za ta ciyar da gayya biyu ba.

Ana gobe gayyarsa, matarsa ta same shi a gindin rumbu yana ta wasa fartanya. Ta dube shi ta ce, "Maigida, za ka cinye ƙarfen nan. Faɗa mini gonar da zan kai tuwon, ni dai na riga na sani." Da safe ganga ta tashi daga ƙetaren iyaka, a gonar maƙwabcin. Waɗansu suka juya gida suna cewa dattijo ya zare, waɗansu suka sunkuya suka kama noma, kafin la'asar gero ya sha iska. Gonar dattijon kuwa su biyu suka nome ta, shi da matarsa, kafaɗa da kafaɗa, suka makara, ƙuduji ya cinye musu sashe guda. A shekarar sun sha kunu a ranakun da suka saba cin tuwo. Maƙwabcin bai mayar da kunyoyin ba, godiyarsa ma a ciki ta tsaya. Amma 'ya'yansa sun ci gero har wata damina, kuma tun daga lokacin, in za a buga gangar gayya a ƙauyen, sai wani ya tambaya ko akwai wanda ke kwance.

Ka ga, amin ɗin jama'a bai cire ciyawa ko ɗaya ba sai da wani ya tsallake iyaka. Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.